A'isha Falatiya: Faifan Farko Sun Fi Zaƙi

Ni dai a wurina magana ta ƙare tun tuni. A duk tsofaffin waƙoƙin ƙasar Sudan da aka taɓa ɗauka a faifai, babu waɗanda suka kama ƙafar na farko-farkon A'isha Falatiya. Masoyan Karoma su yi haƙuri, masoyan Sarur su yi mini uzuri. Na san manyan maza ne, na kuma san da su aka aza harsashin waƙar birni a Umdurman. Amma a ajiye mini faifansu a dama, a ajiye na 'yar Malam Musa a hagu, wallahi hagu hannuna zai nufa, ko da iyayenmu sun hana mu karɓar abu da hagu.

Sunanta na yanka A'isha Musa Ahmad. A Kasala aka haife ta, can gabas dab da iyakar Iritiriya, amma iyayenta duka biyu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar sauke farali. Hanya ta yi tsawo, suka yada zango, zango ya zama gida. Uwarta Bahaushiya ce, ubanta Bafulatani ne, malamin allo, kuma a makarantarsa ta Umdurman ta yi karatun Alƙur'ani. Ita ce babba a cikin 'ya'ya bakwai. In ka cire sunaye, wannan labarin kusan kowane gida ne a ƙauyukanmu na Jazira da na bakin Shuɗin Nilu. Wasu kakanninmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Wasu kuma daga baya suka zo, da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira. Suka tsaya tara guzurin Makka da tsinkar auduga, suka kafa bukkoki a kambo, wato zangon 'yan ƙwadago, gefen hawashar wasu, wato gonakinsu, har 'ya'ya suka zo, har jikoki. Aka haɗa mu duka, Hausa da Fulani da Barebari, aka kira mu Fallata, kuma ba kullum ake faɗin sunan da sakin fuska ba. Sai ga yarinya ta fito daga cikinmu, da wannan suna a rubuce a tsakiyar faifanta, ana biyan kuɗi ana saye.

Kafin a gane abin da ta yi, sai an san yadda waƙa take a Umdurman a lokacin. Akwai waƙar maza, wadda daga baya aka laƙaba mata haƙiba: marubuci ya tsara baitoci masu nauyi, mawaƙi ya rera, 'yan amshi su karɓa, ga tafi, ga ɗan ƙaramin bandiri. Wannan ita ake kira fasaha, ita ake zama a yi muhawara a kanta. Akwai kuma waƙar mata, ta cikin gida, wadda ba ta da marubuci balle takarda. Kayan kiɗanta daluka ce, gangar yumɓu da aka rufe bakinta da fata, ana ɗan gasa ta a wuta in ta saki. Da ita ake sa amarya a lalle, da ita amarya ke rawa, a kanta ake rangaɗa guɗa. Kowa na jin daɗinta, babu mai girmama ta. A shekarun 1930 sai wani sabon kiɗa ya ɓullo daga Kosti, a bakin Farin Nilu, daga matan unguwannin talakawa, ana ce masa tumtum. Mai sauri ne, baitocinsa gajeru, maganarsa kai tsaye, ba ya kewaye-kewaye in zai ce ina son wane. Dattawan birni suka yamutsa fuska, 'yan mata kuwa suka ce abin nema ya samu.

A wannan Umdurman ɗin A'isha ta taso. Tana da shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, nan da nan sunanta ya zaga gari. Ka dubi halin da mahaifinta ya shiga, malamin da ake kawo wa yara su yi hadda, a ce babbar 'yarsa ce zabiyar unguwa. Ba sai an faɗa maka abin da maƙwabta suka riƙa cewa ba, albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ya yi abin da iyayen zamaninsa suka sani, ya aurar da ita don bakinta ya mutu. Auren bai wuce shekara biyu ba ya mutu, bakin yana nan. Ban ga laifin Malam ba, tsoron abin kunya ya yi, kuma a wancan zamani mace mai waƙa a bainar jama'a ba ta da mutunci a idon kowa. Amma da dabararsa ta ci, da an yi mana asara babba.

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira ta yi ɗauka. Daga nan faifan suka dawo gida, suka shiga shagunan gahawa, inda mai shago ke wana garmaho da hannu don ya tara jama'a. Maza da ba za su taɓa leƙa wurin lallen amarya ba, sai ga su zaune da finjalin gahawa a hannu, suna sauraron abin da matansu da ƙannensu ke rerawa a bayan katanga, har suna cewa a maimaita.

To, bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wato sautin kansa.

Faifan wancan zamani ba ya ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai a kowane gefe. Waƙar biki kuwa ba ta san agogo ba, ana iya jan amshi ɗaya har mai daluka ta gaji wata ta karɓa. Dole A'isha ta matse abin da ake yi rabin dare ya shiga minti uku, kuma matsewar nan ce ta zama alheri. Babu ɓata lokaci. Kiɗa ya ɗan buɗe hanya, sai kawai ka ji ta faɗo, murya siririya, a sama, tas da ita, ba ta rawa ba ta kakarewa. Ƙarar allura na nan a ƙasa tana shuu kamar ana tuyar ƙosai a maƙwabta, amma muryar tana ratsa ta ta iso kunnenka ba tare da ko harafi ɗaya ya faɗi a hanya ba. Kai! Wani lokaci sai in tsayar da waƙar in koma baya don in sake jin yadda ta sauke ƙarshen baiti ɗaya tak.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam da allo a cinya zai gane daga ina wannan ya fito. Masu tarihinta sun danganta gwanintarta da karatun da ta yi a makarantar mahaifinta, ni kuma kunnena ya gaskata su. Ji yadda take fitar da haruffan maƙogwaro, kowanne daga mazauninsa. Ji yadda take jan wasali daidai gwargwado, ba ta ƙwace masa haƙƙi ba ta ƙara masa. Ji inda take yanke numfashi, ba ta taɓa yanke shi a tsakiyar ma'ana. Yaron da bulalar gardi ta koya masa inda ake waƙafi ba ya mantawa har ya tsufa. Abin dariya da ban tausayi a nan shi ne, Malam Musa da kansa ya ƙera makamin da aka yaƙe shi da shi. Kuma a lura, Larabcin Umdurman take rerawa, 'yar gidan da iyaye suka zo da harshen Sakkwato a bakinsu, amma ta fi 'yan gari da yawa iya tauna shi.

Sai kuma yadda take zama a kan kiɗa. Tumtum yana tsalle, yana ingiza mutum gaba, kuma mawaƙa da yawa in suka hau shi sai su biye masa su yi ta gudu. Ita ba ta gudu. Takan ɗan jinkirta, ta bar kiɗan ya wuce da taku guda, sannan ta cim masa daidai inda ba ka zata ba, 'yan amshi su karɓe, ta sake sako wani. Wannan ba a makaranta ake koyonsa ba, sai a tsakar gida cike da mata, inda in ka yi sanyi za a karɓe dalukar a ba wata. Shekarun da ta yi tana bin gidajen biki su suka ba ta wannan, kuma ba ta bar shi a ƙofar ɗakin ɗauka ba. Nan ne nake ganin girman aikinta. Mutane da yawa sun ɗauko waƙar gargajiya sun kai ta birni, sai su yi mata wanka su fesa mata turare har uwarta ta kasa gane ta. A'isha ta ɗora waƙar mata a kan udu, molon nan na Larabawa, ta shigar da ita garmaho da rediyo, amma in tsohuwa ta ji daga kambo ta san tata ce, ta san inda za ta sa tafi, ta san inda guɗa za ta faɗa.

A cikin waƙoƙin da suka ɗaukaka ta, wadda ta fi shiga raina ita ce Simsim al-Gadarif. Waƙar soyayya ce da ta ari sunan riɗin Gadarif, kuma mutumin birni yana jin ta ne a matsayin zaƙin baki kawai. Mu kuwa da 'yan uwanmu ke tafiya yankan riɗi duk kaka, mun san abin da ke bayan sunan. Riɗi ba ya jira. In ya nuna, ko ka sa lauje cikin 'yan kwanakin nan ko kwanson ya fashe ya zubar da arziki a ƙasa, shi ya sa ake yankansa har da dare a farin wata, a ɗaure dami-dami a jingine ya bushe. Saboda haka in A'isha ta ambaci riɗin Gadarif da wannan murya tata mai ɗoki, ni abu biyu nake ji a lokaci guda, daɗin abin da kuma gaggawarsa. Ko ta nufi haka ko ba ta nufa ba, haka waƙar ke sauka a kunnen wanda ya san gonar.

Ta biyu ita ce Yaju Aidin, ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Yulin 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala, garin da aka binne cibiyarta, ba a fitar da su ba sai Janairun 1941. Daga nan rundunar tsaron Sudan ta bi su cikin duwatsun Iritiriya, aka gwabza a Karan, wasu kuma aka tura su hamadar Libiya. A'isha ta bi sojojin nan har sansanoninsu tana yi musu waƙa, a gabashin Afirka da arewacinta. Waƙar addu'a ce ta Allah ya dawo da su lafiya. Abin da ya sa ta fi waƙoƙin yaƙi na maza a wurina shi ne ba kirari take yi ba, ba zuga kowa take ya je ya mutu ba. Muryar wadda aka bari a gida ce, uwa ko ƙanwa ko budurwa, amma a kan kiɗan da ake rawa da shi. Hawaye a ido, ƙafa na motsi. Har yau in aka sako ta a taron Sudanawa, a Wad Madani ne ko a Jidda, za ka ga tsofaffi sun ɗaga hannu suna kaɗa yatsu.

A 1940 Turawan Ingila suka buɗe gidan rediyon Umdurman, galibi don labaran yaƙi. A 1942 A'isha ta shiga ta yi waƙa, ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana rerawa a rediyon Sudan. Ba ita kaɗai ta je ba, da ƙanwarta Jidawiyya, wadda ke kaɗa udu, har tana da ƙungiyar makaɗanta. A tsaya a yi tunanin wannan. Shekarar 1942, mata biyu 'ya'yan malamin allo, 'ya'yan Fallata, ɗaya a gaban makirfo ɗaya rungume da udu. Ina jin haushin yadda ake ambaton Jidawiyya a gurguje, a rabin layi, alhali abin da ta yi bai gaza na yayarta ba wajen ƙarfin hali. Murya kyauta ce daga Allah, ana iya cewa ba yadda mai ita za ta yi. Amma mace ta nemi udu, ta zauna ta koya, ta tara makaɗa suna bin umarninta, wannan da gangan ne.

Masu sauraro suka yi murna. Masu ra'ayin riƙau suka yi ca, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon, wai ba za su tsaya inda mace ta tsaya ba. Tsangwamar ta haɗa biyu, ga ta mace ga ta Bafallata, har ta kai A'isha ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya. Allah bai nufa ba. Hassada ga mai rabo taki ce: ta zauna, ta yi waƙa sama da 150, yawancinsu a wannan gidan rediyo, har zamani ya juyo aka riƙa haɗa ta da mawaƙa maza suna rera waƙa ɗaya, wannan ya ba wannan. Ta yi ta yi har cikin shekarun 1960, ta rasu a Umdurman ranar 24 ga Fabrairun 1974. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Malam Musa.

A gidanmu ma an yi ƙaramin irin wannan yaƙi. Kakana in ya ji muryar mace a rediyo sai ya miƙa hannu ya murɗe. Kakata ba ta taɓa yi masa musu ba, sai dai in ya fita masallaci ta ce da ni, "Kai ɗan nan, kunna mana 'yar gidanmu." Haka take kiranta, alhali ba su haɗa ko kakan kaka ba.

Kada a ce so ya rufe mini ido, akwai inda nake da ƙorafi. Ɗaukar da aka yi mata daga baya, lokacin da gidan rediyo ya tara cikakkiyar ƙungiya mai gogen Turawa rututu da akodiyan, ta fi tsabta, ba shakka, kuma muryarta ta ƙara kauri da natsuwa. Amma sau da yawa gogen nan suna cika wuri, suna lulluɓe kiɗan, sai tumtum ya koma ɗan rakiya. A wasu kuma marubuta maza sun ɗora mata baitoci masu ado da yawa, irin waɗanda ake rubutawa don a burge wasu marubuta. Tana rera su da kyau, ai ba ta iya rera abu da muni ba, amma ba ta wasa a cikinsu yadda take yi a na farko. Ni a ba ni mai ƙarar allurar. Da tsohuwar zuma ake magani.

'Yan uwa na Kano da Katsina da Maraɗi, kada Larabcin ya kore ku. Kiɗan tsakiyar Sudan a kan muryoyi biyar yake tafiya, ba irin na Masar da Sham mai lanƙwashe-lanƙwashe ba, kuma a kan biyar ɗin nan yawancin waƙoƙinmu na Hausa suke. Shi ya sa Bahaushe ke jin waƙar Sudan ya kama amshinta tun bai san me ake cewa ba. Wanda ya taso da amadar Barmani Coge, da ƙwarya a kife cikin ruwa da mata zagaye suna shewa, ya riga ya san duniyar da A'isha ta fito, bambancin kawai can ƙwarya nan daluka. Kuma ba ta yar da harshen uwarta ba. Ta yi wa Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, waƙar maraba da Hausa, da makaɗan Sudan a bayanta, dattawan Kaduna da Kano da suka yi zamani da rediyon wancan lokaci suna tune da ita. A kunnena Hausarta irin tamu ce ta nan, wadda ta sha ruwan Nilu, kuma jin Hausa zaune daram a kan udu da goge tun kafin a haifi mawaƙan fiyano na Kano abu ne da ke sa tsigar jikina tashi.

Ƙofar da ta buɗe ba ta sake rufuwa ba. Hawwa Taƙtaƙa ta biyo da waƙar biki har ta zama uwar fagen. A farkon shekarun 1970 'yan uwan juna uku da ake kira Balabil suka mamaye ƙasar. Sharhabil Ahmad ya kawo gita mai lantarki ya ɗora kiɗan gida a kanta, matarsa Zakiyya na kaɗa gita a ƙungiyarsa, ita ma ana kallonta da mamaki irin wanda aka yi wa Jidawiyya. Yau ga Alsarah can a Amurka tana tono tsofaffin waƙoƙin 'yan mata tana sake musu kaya da ƙungiyarta. Duk ina sauraronsu, wasu ma ina son su ƙwarai. Amma in na gama zagayena, wurin mai allon nan nake komowa.

Akwai kuma dalilin da ya sa faifan nan suka ƙara nauyi a zuciyata a 'yan shekarun nan. A 2022 an zubar da jini a jihar Shuɗin Nilu, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, dubban Hausawa suka bar gidajensu, kuma kalmar da ta riƙa yawo ita ce wai mu baƙi ne. Ba na son in mai da sharhin waƙa fagen siyasa. Tambaya ɗaya kawai nake yi: da samarin Sudan suke ƙarƙashin harsashi a duwatsun Karan, shekaru 15 kafin a ɗaga tutar 'yanci a 1956, muryar wa ta roƙa musu dawowa gida? Ita kanta A'isha ta yi waƙoƙin neman 'yanci da na haƙƙin ma'aikata da na mata, a ƙasar da wasu ke ce mata ba tata ba ce.

Sannan ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar muryoyin ƙasar take, ya faɗa hannun dakarun RSF tun farkon faɗan, sojoji ba su karɓe shi ba sai a Maris na 2024. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, aka ƙwato ta a Janairun 2025, kuma a tsakanin nan mutanen ƙauyukan Jazira nawa ne suka gudu da kayan jikinsu kawai, suka bar akwatunan kaset a ɗaka. Abin da ke yawo yanzu a wayoyinmu kwafe ne na kwafe, wani an yanke masa kai, wani an rubuta masa sunan da ba nasa ba. Kamfanin Habibi Funk na Jamus ya tattara tsofaffin waƙoƙin Sharhabil ya gyara sautinsu ya fitar a 2020, da hotuna da tarihi, abin gwanin sha'awa. Irin wannan gata nake yi wa A'isha da Jidawiyya fata, a fara da faifan Alƙahira, a jera su bi da bi, kuma don Allah kada injiniya ya goge ƙarar allurar har ya goge numfashinta.

Kafin nan, duk mai tsohon kaset nata a Mai Wurno ko Sinja ko Gadarif, ya ba yaran gida su juye shi a waya, su tura wa dangi uku a gari uku. In kuma akwai wani a Kaduna da ke da waƙar Sardauna cikakkiya, ba irin tawa da ta katse ana tsakiyar amshi ba, ina cigiya.